Na sayi layi mara iyaka, sun shaƙe shi saboda torrent: ni da su wa ke da gaskiya?

Baban Nana:
Assalamu alaikum jama'a. Ƙorafi na kawo, kuma so nake masana su raba ni da kamfanin da nake sayen intanet a wurinsu. Ba zan kama suna ba.

Ran Juma'a da daddare na sauke Ubuntu, babbar manhajar sarrafa kwamfuta irin Windows, ta torrent, wato hanyar da masu sauke fayil suke tura wa juna shi. Fayil ɗin bai cika giga 6 ba. Ya gama sauka kafin in kwanta, ni kuma na manta ban rufe manhajar ba, muka yi tafiyar kwana biyu kwamfuta na kunne. Da muka dawo na tarar fitilar rauta tana ta ƙyafta ido ita kaɗai, alhali ba kowa a gidan. Na duba manhajar, a wurin abin da na ɗora an rubuta giga 52. Na karɓi 6, na bayar da 52. Washegari layi ya koma tafiyar hawainiya, hoto ɗaya sai ya yi ta kewayawa kafin ya buɗe. Na kira su, wata baiwar Allah ta ce wai na ƙetare ƙa'idar amfani da adalci, an rage min gudu sai ƙarshen wata. Na ce ai mara iyaka na saya. Ta ce eh, mara iyaka ne, amma da sharaɗi. Na ce to ina sharaɗin? Ta ce yana cikin takardar da na danna na amince.

Ni ban saci komai ba, Ubuntu kyauta ce. Kuɗin layi na biya cif. To wa kuma ya kamata ya biya kuɗin giga 52 ɗin nan?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Baban Nana, ni abin da ya fi ba ni haushi ma kalmar nan ce. Abu ko yana da iyaka ko ba shi da ita. "Mara iyaka amma da sharaɗi" ai ba cinya ba ce, ƙafar baya.

Injiniya:
Bari in yi magana a matsayin wanda ya daɗe a wancan ɓangaren, ko da za a yi min ca.

Kamfani ba giga yake saye ba. Faɗin hanya yake saye. Idan ƙaramin kamfani zai haɗu da sauran duniya, yana biyan babban kamfani kuɗin fito, kuma yadda aka saba lissafin shi ne a riƙa auna yawan abin da ke wucewa duk bayan minti 5. A wata mai kwana 30 awo 8,640 ke nan. Sai a jera su daga babba zuwa ƙarami, a zubar da kashi 5 cikin ɗari na sama, wato kimanin awa 36, a caje ka a kan mafi girman abin da ya rage. Ma'ana, abin da ya bi layin da ƙarfe uku na dare lokacin da hanya take wayam kusan ba ya ƙara wa kamfani ko sisi. Abin da ya bi layin da ƙarfe tara na dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya kunna bidiyo, shi ne kuɗin.

Na biyu, gudun da aka rubuta maka a takarda ba kai kaɗai aka ware wa ba. Ana sayar da hanya ɗaya ga gidaje da yawa, bisa lissafin cewa ba za su taso a lokaci guda ba. A farkon zamanin intanet ta wayar tarho a Ingila, gida 50 ne ake ɗora wa kaso ɗaya. Da za a ware wa kowa nasa shi kaɗai, da kuɗin da Baban Nana yake biya a wata ba zai ishe shi mako ba. Mai karanta labarai yana buɗe shafi ya tsaya ya karanta, hanya ta huta. Torrent ba ta hutawa. Dare da rana tana ci, kuma ta ɓangaren ɗorawa, wanda shi ne siririn ɓangaren a yawancin layukan gida.

Maman Ilham:
To Injiniya, wannan ai matsalarku ce. Ku kuka sayar da kujera ɗaya ga mutum hamsin. Ranar da mutum ɗaya ya zauna a kujerar da ya biya, sai ya zama shi ne mai laifi?

Injiniya:
Hajiya, ban ce ya yi laifi ba. Kuma a batun talla ina bayanki, ƙarya ce ake yi da sunan mara iyaka. Abin da nake nunawa shi ne ba mugunta ce ta haifi tsarin ba, lissafi ne.

Ɗan Linux:
Yaya Baban Nana, da farko dai Allah Ya saka da alheri, mutum kusan tara ka sauke wa nauyi ba ka sani ba.

Ina ganin ya kamata a fahimci abin da torrent take yi, don da yawa sun ɗauka manhajar satar fim ce kawai. Bram Cohen ne ya fito da BitTorrent a 2001. Matsalar da ya so ya warware: idan fayil yana kan uwar garke ɗaya, wato babbar kwamfutar da ake saukewa daga gare ta, mutum dubu suka zo nema, mai fayil ɗin zai tura shi sau dubu, ya biya kuɗin sau dubu, ƙarshe ma uwar garken ta durƙushe. Sai ya ce a daddatsa fayil ɗin gunduwa-gunduwa. Kai ka samu gunduwa ta 7, ni na samu ta 40, sai mu yi musaya tun kafin ɗayanmu ya kammala. Manhajar kuma tana fara neman gunduwar da ta fi ƙaranci a cikin taron don kada ta ɓace, sannan tana fifita wanda yake ba ta a kan wanda ya zo karɓa kawai. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka a torrent, iya yawan masu nema iya saurin saukewa, akasin yadda aka saba.

Internet Archive, rumbun ajiyar littattafai da fina-finai a intanet, tun 2012 suka sa abubuwa sama da miliyan ɗaya a torrent. Kamfanin Blizzard ya yi shekaru yana raba sabuntawar wasansa na kwamfuta World of Warcraft ta wannan hanya. Ba ɓarayi ba ne waɗannan.

Injiniya:
Yauwa ƙanena, ka kawo hujjata da bakinka. Me ya sa Blizzard ya zaɓi hanyar? Don ya rage kuɗin da zai biya. Kuɗin bai ɓace ba, wuri ya sauya. Ya tashi daga aljihun mai fayil ya koma kan layukan gidajen mutane, layukan da aka yi wa farashi bisa tunanin cewa mai gida saukewa zai yi, ba rabawa ba. Mai kaya ya sauke kayansa a kan jakin maƙwabci, kuma kowa yana tafa masa wai ya yi dabara.

Ɗan Linux:
Jakin ai hayarsa aka ɗauka, Injiniya. Yaya ya biya layi mai hawa da sauka. Ba a rubuta masa cewa hawan ado ne ba.

Kawu:
Ku yara kun tuna min da baya. Wannan gardamar ta girmi wasunku. Napster, manhajar musayar waƙoƙi, ta fito a 1999, a 2001 kotu ta sa ta rufe, saboda jerin sunayen fayilolin yana wuri ɗaya, akwai ƙofar da za a garƙame. Amma tun kafin kotu, jami'o'i da dama a Amurka suka toshe ta, ba don tausayin mawaƙa ba, don ɗalibai sun cinye musu layi. Ka ga tun ran farko rigimar biyu ce a haɗe, ta haƙƙin mallaka da ta wa zai biya hanya. Har yau mutane suna cakuɗa su.

Barista:
Kawu ya yi gaskiya, kuma irin abin da ya sami Baban Nana ya taɓa kaiwa gaban hukuma. A 2007 wani injiniya a Amurka, Robb Topolski, ya lura duk lokacin da ya so ya raba tsofaffin waƙoƙin da ba su da sauran haƙƙin mallaka a kansu, sai haɗin ya yanke. Da ya bincika ya gano kamfanin da yake ba shi layi, Comcast, ne yake cusa saƙon ƙarya a tsakani, kowace kwamfuta ta ɗauka ɗayar ce ta ce a katse. Kamfanin dillancin labarai na AP ya gwada da kansa da fayil ɗin Baibul, ya ga haka ne. A Agustan 2008 hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta ce Comcast ya daina. A Afrilun 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce hukumar ba ta da hurumin ba da wannan umarni.

Abin lura a nan shi ne abin da Comcast ya koma yi. A Oktoban 2008 ya sa iyakar giga 250 a wata, a rubuce, ga kowa, ko me kake yi da ita. Kuma ya koma rage gudun wanda ya fi cin hanya a daidai lokacin cunkoso, ba tare da duba wace manhaja yake amfani da ita ba. Bambancin ke nan da ake kira rashin nuna wariya a layi: kamfani yana iya cewa ga yawan abin da na sayar maka, amma ba zai leƙa cikin kayanka ya ce wannan zai wuce wannan ba zai wuce ba. Amurkawa dai har yanzu ba su tsaya wuri ɗaya ba. An kafa dokar a 2015, aka soke ta a 2017, aka dawo da ita a 2024, kotu ta sake rushe ta a Janairun 2025.

Don haka Baban Nana, tambayar da za ka yi musu: an rage maka gudu ne don ka kai wani adadi, ko don sun ga torrent ce? Idan adadi ne, nawa ne, kuma a ina aka rubuta shi?

Baban Nana:
Barista na gode. Na koma na karanta takardar, har na saka gilashi. Babu adadi. Abin da aka rubuta kawai shi ne kamfani yana da ikon rage gudun duk wanda amfaninsa "ya wuce kima". Kimar kuma su kaɗai suka san ta.

Maman Ilham:
Shi ke nan. Su ne masu awo, su ne masu mudun, kuma mudun yana cikin aljihunsu.

Abu Hanif:
Ni fa ku yi haƙuri, akwai abin da ake kewayewa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mutum nawa ne suke buɗe torrent don Ubuntu? Yawanci fina-finai ne da manhajojin da aka fasa. Haƙƙin mutane ne. Wanda ya zuba dukiyarsa ya yi fim ba a biya shi ba, mai layi kuma an cika masa hanya, sai mu zo muna neman adalci?

Ɗan Linux:
Malam, ba na musun ana satar fasaha da ita. Ana yi sosai. Amma wanda ya saci fim ta torrent da wanda ya kalle shi da kuɗinsa a Netflix, a wurin waya duk giga ce, nauyinsu ɗaya. Idan matsalar sata ce, akwai kotu, a Suwidin ma an ɗaure masu shafin torrent na The Pirate Bay bayan shari'ar 2009. Idan matsalar cunkoso ce, to halal ɗin ma yana cunkusawa.

Abu Hanif:
Na ji. Amma dai kada a wanke ta tas.

Kawu:
Ba wanda ya wanke ta. Sai dai abin dariyar shi ne, da torrent ta ja baya, mutane suka koma kallon bidiyo kai tsaye da kuɗinsu, kukan kamfanonin layi bai tsaya ba, sunan wanda ake kuka da shi ne ya canza. Tun 2005 shugaban kamfanin layi na SBC na lokacin, Ed Whitacre, yake cewa irin su Google ba za su yi amfani da bututunsa kyauta ba. A 2014 Netflix ya biya Comcast don a haɗa su kai tsaye bayan masu kallo sun sha fama da tsayawar hoto. Jiya ɗalibi mai torrent ne ɓarawon hanya, yau Netflix ne. Gobe wani ne.

Injiniya:
Kawu, ranka ya daɗe, amma kukan ba na banza ba ne gaba ɗaya. Kamfanoni ƙalilan ne suke tura mafi yawan abin da ke yawo a intanet. Su suke kwasar kuɗin talla da na rajista, mai layi kuma shi ke haƙa rami ya binne faiba, ya kafa ƙarfen sabis, ya sayi mitar iska a wurin gwamnati. A Maris na 2020, da aka kulle mutane a gida, sai da kwamishinan Tarayyar Turai Thierry Breton ya roƙi Netflix ya rage nauyin bidiyonsa, suka rage kusan kashi 25 cikin ɗari na tsawon kwana 30. Idan kamfani ɗaya zai iya sauƙaƙa wa nahiya guda da danna maɓalli, ai ba ƙaramin kaya yake ɗorawa ba.

Barista:
Injiniya, Netflix ba ya tura wa kowa fim sai an nema. Wanda ya danna shi ya jawo kayan, kuma ya riga ya biya ka don ya jawo. Shi ma Netflix yana biyan nasa ɓangaren, har akwatunan ajiya yake kai wa kamfanonin layi kyauta su sa a cikin gidansu don kada fim ya riƙa ƙetare teku kullum. Google ma haka, ban da wayoyin ƙarƙashin teku da su da Meta suke shimfiɗawa. In ka ce su ƙara biyanka, kaya ɗaya ka karɓi kuɗin dako sau biyu ke nan.

Kuma an gwada. Koriya ta Kudu ta kawo tsarin mai turawa shi ke biya a 2016. Kamfanin layi na SK Broadband da Netflix suka yi shekaru a kotu, sai a Satumban 2023 suka sasanta. Twitch kuwa, dandalin watsa bidiyo kai tsaye, ya rage ingancin hotonsa a ƙasar a 2022, sannan a Fabrairun 2024 ya tattara ya bar ta, yana cewa kuɗin layi a can ya ninka na yawancin ƙasashe sau 10. A Turai ma manyan kamfanonin waya sun nemi irin wannan, ƙungiyar hukumomin sadarwarsu, BEREC, ta ce a Oktoban 2022 ba ta ga hujjar da za ta sa a yi ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ɗan Linux:
Barista ka bar mafi daɗin. Kafin Twitch ya bar Koriya, cikin dabarun da ya gwada don rage kuɗi har da sa masu kallo su riƙa tura wa juna bidiyon. Wato da aka matsa wa babban kamfani ya biya, sai ya koma hanyar da ta jawo wa Yaya Baban Nana shaƙa. 😂

Injiniya:
Wannan kam ka ci ni. Amma ka lura, ya sake tabbatar da maganata: duk wanda aka matsa wa, kan layin mai gida yake sauke kayan.

Maman Ilham:
To ashe ni ce dai a ƙarshe. In mai layi ya biya, ya ƙara min kuɗin wata. In Netflix ya biya, ya ƙara min kuɗin rajista. In aka ce a raba tsakanin jama'a, datata ce. Ku daina cewa wa zai biya kamar akwai wani mutum na uku a ɗakin.

Kawu:
Hajiya ta gama magana, a tashi.

Ɗan Linux:
Kafin a tashi, Anti, kina amfani da Windows? Shiga saitin sabuntawa, ki nemi wurin da aka rubuta Delivery Optimization. Tun Windows 10 a 2015 kwamfutoci suke iya tura wa juna gunduwoyin sabuntawa, kuma lokacin da ta fito, a bugun gida abin a kunne yake zuwa har ga kwamfutocin da ba na gidanki ba. An yi surutu sosai a kai. Za ki iya taƙaita shi ga kwamfutocin cikin gida, ko ki kashe. In kuma kika nuna wa Windows cewa layinki na awo ne, ba za ta ɗora ba. Spotify ma haka ya yi a manhajarsa ta kwamfuta har 2014.

Maman Ilham:
Innalillahi. Na duba yanzu. Nawa a kan na cikin gida yake, alhamdu lillahi. Amma ban taɓa sanin akwai shi ba. Wannan ya fi ɓata min rai a kan torrent, don shi Baban Nana aƙalla da hannunsa ya kunna.

Injiniya:
Bari in ƙara abu ɗaya don kada a ce na zo kare kamfani ne kawai. Masu torrent sun gyara halinsu fiye da yadda ake faɗa. Da can manhajar takan buɗe haɗi da yawa ta danne kowa a layin, kai kanka in tana aiki kiran bidiyonka sai ya riƙa sarƙewa. Daga baya suka kawo wata hanya, uTP, wadda take auna jinkiri. Da ta ji layi ya fara cika, jinkirin ya doshi kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai ta ja baya ta ba sauran wuri. A 2012 ma an wallafa tsarin a hukumance da sunan LEDBAT. To fayil ɗin da yake matsawa gefe da kansa, yana tafiya da tsakar dare, gaskiya ban ga dalilin ƙirga shi daidai da bidiyon ƙarfe tara ba. Iyakar giga a wata makauniyar sanda ce, tana dukan wanda ya ci hanya lokacin da ba kowa daidai da wanda ya ci ta ana tsaka da cunkoso. An fi sonta ne kawai don ta fi sauƙin bayani da sauƙin sayarwa.

A layin wayar hannu kuwa labarin daban ne, a nan ba zan sassauta ba. Ƙarfen sabis ɗaya, iska ɗaya, duk wanda ke ƙarƙashinsa rabawa suke. Faiba za ka iya ƙara mata ƙarfi ta sauya na'urorin bakinta. Iska ba ta ƙaruwa. Wanda ya bar torrent a kunne a kan layin waya, maƙwabtansa yake cuta kai tsaye.

Abu Hanif:
To a waya ai ga Xender. Fayil ya tashi daga wannan wayar ya faɗa waccan, ba data ba kamfani.

Ɗan Linux:
Ita ce ma asalin rabawa tsakanin tsara da tsara, Malam, sai dai iyakarta ɗaki ɗaya. Kuma abin da kake kuka da shi na haƙƙin mutane ya fi yawa a nan, ba mai gani. 😄

Abu Hanif:
Allah Ya shirye ka.

Baban Nana:
Na sake kiran su ɗazu da tambayar Barista. Wannan karon namiji ne ya ɗauka. Na ce nawa ne adadin? Ya ce ba a ba su izinin faɗa ba. Na ce da wanda na sauke da wanda na ɗora duk haɗawa ake yi? Ya ce eh. Na ce na dare da na rana fa? Ya yi shiru, ya ce in riƙe layi, na ji kiɗa na minti goma sha ɗaya, sannan ya dawo ya ce duk ɗaya ne. Ya ce in ina so a dawo min da gudu yau, akwai ƙarin da zan iya saya.

Maman Ilham:
Ahaf. Cunkoson ya warke ke nan da zarar ka biya.

Injiniya:
Wannan ba zan iya kare shi ba.

Baban Nana:
Ban saya ba, saura kwana tara wata ya ƙare, zan lallaɓa. Ɗan Linux, ni fa ba na son in daina rabawar gaba ɗaya, tunda ni ma a wurin wasu na samu. Yaya zan saita ta?

Ɗan Linux:
Wace manhaja ce, Yaya? In qBittorrent ce, shiga saiti, ɓangaren BitTorrent, akwai wurin iyakar rabawa. Sa 2, ka zaɓi ta tsaya in ta kai, wato in ka mayar da ninki biyu na abin da ka karɓa ta dakata da kanta. Sai ka koma ɓangaren gudu ka rage na ɗorawa zuwa kamar rabin abin da layinka yake iyawa. A nan ƙasa kuma akwai jadawali, za ka iya sa ta riƙa tafiya a hankali daga safe har sha biyun dare, ta saki jiki bayan nan.

Baban Nana:
Ita ce. Na ga wurin iyakar. Jadawalin ne ban gani ba, turo min hoton naka.